Rasuwar Aradu, Rediyon da Ya Rufa wa Inji Asiri

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ido ɗaya a buɗe, Auta direban tasi yana sanar da 'yan uwa da abokan tasha rasuwar rediyon motarsa, wanda aka fi sani da Aradu. Ya cika ranar Talata da hantsi, a tsakiyar waƙa, kwana tara kacal da shigowarsa gidan.

Marigayin ya kasance mai murya, mai fara'a, fuskarsa na sauya launi har bakwai. Ba ya ƙin waya, ba ya ƙin filashi. Saboda shi Auta ya sayar da babur ɗin da yake neman abinci da shi, ya ɗauki motar nan. Ranar gwaji, yayansa makanike ya ce ya jira ya taso daga gareji su saurari inji tare. Auta ya ce ai shi ma da kunnensa aka haife shi. Dillali ya zauna gaba, hannunsa bai rabu da maɓallin ƙara ba. Duk inda aka zo hawa sai ya ƙara murɗawa yana murmushi, marigayi yana dum, dum, dum, har madubi na rawa. Auta ya shafa sifiku ɗaya bayan ɗaya, ya leƙa but ɗin bayan mota ya gaida babbar sifikar. Bonet kuwa bai ko taɓa ba.

Jinyar ba ta yi tsawo ba. Litinin ya fara shhh, ya yi tari sau biyu, Talata ya ce ƙit. A shirun da ya biyo baya ne Auta ya fara jin wata murya daga gaba, ƙwas-ƙwas-ƙwas, kamar ana dukan tukunya da cokali. Yaya ya kasa kunne kaɗan, ya ce wannan ciwon ya girmi marigayin nesa ba kusa ba.

Auta bai zargi kowa ba. Yana dai so a sani cewa mai wankin mota ya rantse bai watsa ruwa ciki ba tun kafin a tambaye shi. Inna, wadda ta ce kiɗan na tayar mata da hawan jini, an gan ta tana dariya ita kaɗai. Shi kuwa mai gyaran rediyo, da ya juya gawar, sai ya ce a'a, tsohon sani! Da hannunsa ya ɗaura wa dillalin nan shi a motoci uku, kuma duk ukun sun koma wa dillalin a mace, janwe na jan su.

Ya rasu ya bar sifiku biyar, da rimot ɗin da bai taɓa aiki ba, da inji ɗaya a kwance rai hannun Allah.

Za a yi rakiyar motar gobe da safe daga ƙofar gida zuwa garejin Yaya. Masu zuwa su sa takalmi mai ƙwari, don turawa za a yi. Dillali, wanda lambarsa ta daina shiga tun ranar ciniki, ya aiko da ta'aziyya, ya kuma roƙi a ba shi gawar. Auta ya amince, da sharaɗin ya zo ɗauka da kansa. An ajiye masa kujera a gaban bonet, kuma wannan karon babu kiɗa.