Kabeji a Randar Goggo

Mai yiwuwa na mance wasu abubuwa, amma ban mance warin ba. A shekarar farin nan, ɗan kabejin da Baffa ya raina a fadamar Unguwar Lalle ya fara ruɓewa. Ni da na karanci ƙwayoyin cuta na ce kada a yi gaggawa, za ni kai samfur Sakkwato a gano wace ƙwaya ce.

Samfur na son sanyi, ga shi babu wuta. Sai na ƙulle ruɓaɓɓen a leda biyu, na jefa cikin randar Goggo, ruwan da jaki ya wuni yana ɗaukowa. Har na yaba wa kaina.

Ledojin suka fashe.

"Wane la'ananne ya yi wanga aiki?" in ji Goggo, moɗa a hannunta.

"Goggo, ba a tabbatar ƙwayar tana cutar mutum ba."

"To sha! Sha mu gani, ɗan boko!"

Ban sha ba. Aka zubar da ruwan, gida ya wuni da ƙishirwa.

Har yau in na yi sallama sai wani ya ce, "A rufe randa, Likita ya iso!" Abin da ya fi ƙona mini rai, Goggo na yaɗa wai leda ɗaya na sa. Biyu ce! Wanda ya gani, don Allah ya aiko da gyara.