Ɓarauniyar Layin Alhaji

A farkon shekarun da aka kafa Shari'a a Kano, ni ke kula da kwamfutocin wani shagon intanet a Gwarzo. Wata rana layi ya yi nauyi. Na buɗe manhajar da ke nuna kowane ƙunshin bayanai mai fita, na ce wa mai shagon, "Alhaji, wani ke shanye mana layi. Yau asirinsa zai tonu."

Jama'a suka kewaye ni. Na bi lambar na'urar da ke shanye layin ina gyara hula. Ashe tawa ce! Hotunan jaririyata nake tura wa yayana da ke Sudan, na manta.

Alhaji ya leƙa allon. "Masha Allah, ɓarauniyar kyakkyawa ce."

Yarinyar har ta yi aure a Kabo, amma in mun gaisa sai ya ce, "Injiniya, ya ɓarauniyarmu?"