Jan Ƙwai, Farin Ƙwai da Bangon Falonmu

Jiya, jama'a, na yi abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni: na roƙi Allah a ɗauke wuta. Ku saurara tukuna kafin ku ce na zautu.

Bangon falonmu yana da tabo. Daminar bara rufi ya yi yoyo, ruwa ya zana mana taswira daga sama har bayan kujera, fenti ya kumbura yana ɓarewa. Mu mun saba da shi, kamar yadda mutum ke sabawa da giɓin bakinsa. Sai ga saƙo cewa yayar uwar yara za ta biyo ta gaishe mu bayan magariba. Wannan baiwar Allah ita ce tun farko ta ce kada ƙanwarta ta aure ni, kuma har yau in ta shigo, ba ta amsa gaisuwa sai idonta ya gama zagaye ɗaki. Uwar yara ba ta tsoron talauci, ta ci ta ƙoshi a hannuna. Abin da take tsoro shi ne "Allah sarki" ɗin nan da Yaya ke saki a hankali.

"Maigida, ka sayo mana jan ƙwai na falo," in ji ta.

Na ce, "Ƙwan me kuma? Yaushe rabonmu da wuta?"

"Ka dai sayo. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa. In suka kawo tana zaune fa?"

Mai shagon kayan wuta ya zaunar da ni ya yi mini karatu. Farin ƙwai, in ji shi, na kicin ne da wurin karatun yara, inda kake so ka ga tsakuwa a cikin shinkafa. Ja kuwa, wanda a gaskiya ruwan ɗorawa ne, na falo ne da ɗakin kwana. Yana sanyaya ido, yana rufa wa bango asiri, tsohuwar kujera ma sai ta yi kwarjini.

"Ka taɓa ganin farin ƙwai a falon babban mutum?" ya tambaye ni.

Na ce ni ban taɓa wuce wurin maigadi ba.

"To, ja suke sawa a ciki. Farin a kan katanga suke jera shi, yana kallon waje."

Na ce lalle, shi ya sa su suke ganinmu tas, mu kuwa ko inuwarsu ba ma gani.

Ya gwada mini kowanne da batir, na sayo ɗaya-ɗaya. Da na zo gida na fito da su na ajiye a tebur, na tafi neman abin takawa. Kafin in dawo, uwar yara ta hura gawayi da kwalayen. Su kuwa ƙwayayen zamani, in ba a kunna ba, kamar an tsaga kara.

"Wanne ne jan?" ta tambaya.

"Wannan," na ce, da irin ƙarfin halin mai magana da yawun manya, na ɗaura shi a falo.

Amma hankalina bai kwanta ba. Na leƙa gidan maƙwabcina kafinta don in gwada a janaretansa. Matarsa ta ce yana layin mai tun shekaranjiya, har abinci can suke kai masa. Na koma shago, ya rufe. Sai na dogara da masu wuta, don a fannin rashin kawowa ba su taɓa ba ni kunya ba.

Ashe ranar ce Ranka-ya-daɗe Mai Almakashi, babban nan mai yanka ƙyallen buɗe ayyuka, zai zo buɗe mana sabuwar taransifoma. Na ga rumfuna a bakin layi, na ga taransifomar an ɗaura mata ƙyalle, fentinta ko bushewa bai yi ba. Ban damu ba. Mun sha ganin an buɗe famfo, ruwa bai samu halarta ba.

Yaya ta iso. Uwar yara ta ajiye 'yar fitilar caji a ƙasa da dabara, bango ya faɗa cikin duhu. Ana cikin "ina gajiya, ya yara", sai muka jiyo tafi daga bakin layi, sai fau! Fari ne, jama'a. Fari tas. Taswira ta fito da kogunanta, har da kyankyasai biyu suna shawara a gaɓa.

Uwar yara ta dube ni sau ɗaya, ta sunkuyar da kai tana murza gefen mayafinta. Wallahi tausayinta ya kama ni har wuya. Nan na fara addu'a. Mutanen da ko tsuntsu ne ya sauka a kan waya sai su ɗauke, ranar suka riƙe amana gam.

Yaya ta ɗaga kai. Na jira hukunci. Amma ba bango take kallo ba, ƙwan take kallo, baki buɗe.

"Ke! Ku har wuta ake kawo muku?"

Uwar yara ta ɗago a hankali, ta gyara zama. "Ai mu mun saba, Yaya."

"Mu tun da aka zo da mota aka ɗauke taransifomarmu wai za a gyara, ko ƙyas ba mu sake gani ba. Janareta kuma ba mai. Don Allah ina soket ɗinku?" Ta zazzage wayoyi daga jaka, ta durƙusa a gindin taswirar tana lalube.

Uwar yara ta dube ta daga sama, ta ce a hankali, "Allah sarki, Yaya."

Shekarun aurenmu kaf ban taɓa ganin fuskarta ta yi haske haka ba, kuma ba aikin ƙwai ba ne.

Yau da safe babbar mota ta zo ta ɗauke taransifomar. Ban ga laifinsu ba, wata unguwar ma tana da haƙƙin a buɗe mata. Na taka kujera zan ɗaura ja a falo, uwar yara ta ce kada in kuskura in taɓa mata ƙwai.

Ranka ya daɗe, mun gode, Allah ya ƙara wa almakashi kaifi. Amma in layi ya sake zagayowa kanmu, a taimaka a sanar da mu da wuri, akwai sauran dangin da muke so mu gayyato.