Iya Tasalla da Kuɗin Ajiyar Wuta

Duk wanda yake bi ta bakin tasha ya san Iya Tasalla mai kunun aya, ya kuma san ba a cin bashinta, ba a kuma ja da bakinta. Tun bayan rasuwar mijinta take zubin adashi, yau ta sayi bulo, gobe ta sayi kwano, har Allah ya nufa ta tsayar da ɗaki biyu da ɗan zaure a wata sabuwar unguwa can bayan gari. Ta tare, sai dai babu wuta. Shi kuwa kunun aya, in bai ji sanyi ba, kafin la'asar ya yi tsami. Ƙanƙarar da take saye kullum ita ke lashe ribar tas, ga tsohon firjinta a jingine a zaure an mayar da shi wurin ajiye tukwane.

Ita da maƙwabta suka yi karo-karo suka sayi falwaya, suka sayi waya. Ma'aikatan wuta suka zo dubawa, suka shanye mata kunu rabin kula, suka goge baki suka ce aiki ya yi, saura ta je ofis a buɗe mata suna.

Da hantsi ta yafa gyale ta tafi. Ta tarar da benci cike da jama'a, kowa ya yi tagumi. Da layi ya zo kanta aka shigar da ita wurin manaja, wani Malam Hamisu, mai tumbi da agogon zinare, yana kishingiɗe a kujera ƙarƙashin fanka yana latsa waya. Ta gaishe shi, ya amsa da hanci.

"Iya, komai naki ya cika," in ji shi, bai ko ɗago kai ba. "Saura kuɗin ajiya."

"Ajiyar me, ɗan nan?"

"Kuɗi ne da sabon mai shan wuta yake ajiyewa a wurinmu. Ko da wata rana ya ƙi biya, sai mu cire a ciki." Ya faɗi adadin. Abin ya kusa cinye jarin Iya Tasalla gaba ɗaya.

Ta gyara tsayuwa ta dube shi sama da ƙasa. "Wato ba ku yarda da ni ba ke nan."

"Ba maganar yarda ba ce, doka ce."

"To bari in tambaye ka. Falwayar da ke ƙofar gidana, wa ya saya?"

"Wannan tsakaninku ne da 'yan unguwa."

"Wayar fa?"

"Iya, mutane suna jira."

"Su jira, ai da ma jiranku shi ne sana'ar kowa a garin nan. Ni na sayi itacen, ni na sayi wayar, ni na shayar da masu hawa. Ku ba ku kawo ko ƙusa ba. Amma ni ce abar zargi, ni zan ajiye jingina?"

Ƙofar ofishin a buɗe take, na kan benci suka fara miƙa wuya. Malam Hamisu ya ajiye wayarsa, ya yi gyaran murya irin ta manya.

"Akwai hanyar da ake yafewa. Ko ki zama ma'aikaciyar gwamnati mai albashi..."

"Ka ga na yi kama da mai albashi?"

"...ko kuma ki kawo mutum ɗaya ya tsaya miki, wanda ya shekara yana shan wuta, bai taɓa fashin biya ba."

Iya Tasalla ta tafa hannu. "Wanda ya shekara yana biya kam, yanzu sai in cika maka mota da su. Wanda ya shekara yana shan wutar ne ban san inda zan samo maka shi ba."

Benci ya kwashe da dariya. Wani dattijo mai walda har da buga sanda a ƙasa, yana cewa, "Gaya masa, Iya!"

Fuskar manaja ta haɗe. Ya ce ba wurin wasa ba ne nan, in ba ta da kuɗin ta ba na bayanta wuri. Ita kuwa ta kasa kunne, ta ji wani abu yana ta ruri a bayan ginin.

"Ɗan nan, wannan ƙarar ta mece ce?"

Ya ɗauki wayarsa ya ci gaba da latsawa.

"Ba janareto ba ne? Ikon Allah! Ashe mai sayar da wutar ma fetur yake ƙonawa. Ni da kunun da nake sayarwa, ko sau ɗaya ba a taɓa kama ni ina sayen na wata ina sha a ɓoye ba."

Daga nan ta warware gyalenta ta shimfiɗa a tsakar ofishin, daidai inda iskar fanka ta fi sauka, ta zauna ta miƙe ƙafa. Ta ce kuɗin ajiya dai ba ta da shi, gida kuma zafi, kunu ya riga ya lalace, saboda haka ba ta da wata gaggawa. Ta ce in lokacin salla ya yi a nuna mata inda buta take.

Malam Hamisu ya leƙa waje ya ga benci ya fara motsi. Mai waldan nan ya miƙe yana tambayar ina nasa kuɗin ajiyar da ya bayar tun yana saurayi, wata mata kuma tana cewa ita ma a duba mata nata. Nan ya gane in tsohuwar nan ta ƙara minti kaɗan a zaune, yau ba zai ci abincin rana cikin natsuwa ba. Ya tashi da kansa ya tura ƙofa, ya dawo ya ja biro ya rattaba hannu da ƙarfi kamar zai huda tebur.

"Shi ke nan, na yafe miki. Gobe za a zo a haɗa. Tashi ki tafi, kuma kada ki gaya wa kowa."

Ta miƙe a hankali, ta kakkaɓe gyalenta, ta yafa. Ko godiya ba ta yi ba. Wannan ya ƙara ƙona masa rai, yana son ko yaya ne maganar ƙarshe ta zama tasa. Har ta kama ƙofa ya ɗaga murya yadda na waje za su ji:

"Amma ki sani, Iya! Wata ɗaya kika yi ba ki biya ba, wallahi da kaina zan zo in yanke miki wuta!"

Iya Tasalla ta juyo ta ce, "To don Allah ranar da ka zo yankewar, ka yi sallama ka gaya mini. In ba haka ba, ta yaya zan gane an yanke?"