Yadda Za Ki Sa Dillalin Mota Ya Canza Wilin da Ya Rantse a Kansa

'Yar'uwa, ke da kika sayi mota da guminki, kika hau titi kika ji tana kaɗa ƙugu kamar ta ji kiɗan biki, share hawayenki. Ga hanyar da ba ta taɓa ba da kunya ba. Ba lauya, ba ɗan sanda, ba ihu a bakin gareji. An gwada ta a unguwar Maamobi ta birnin Accra a kan dillalin da ya fi kowa taurin kai. Wadda ta gwada kuwa ita ce Ruhaina, mai digiri, mai yin kek ɗin biki hawa-hawa, wadda ta gaji da rungumar kek a cinya cikin tasi, ta sayi 'yar mota hom-yus, irin wadda Turawa suka ci moriyarta suka turo mana. Bi sawunta.

Mataki na 1: Kada ki yarda a gida an cuce ki

Ranar da Ruhaina ta fara kai kek unguwar Alajo, tana taka mota sitiyari ya kama makyarkyata. Kafin ta isa, hawan sama na kek ɗin ya zame ya jingina da na ƙasa kamar mai gyangyaɗi a trotro, bas ɗinmu ta haya. Yayanta Abukari, wanda tun farko ya ce sayen mota ba aikin mace ba ne, yana zaune a ƙofar gida yana jiran labari.

"Yaya dai motar, hajiya direba?"

"Sumul, Yaya. Kamar jirgi."

Haka ake yi. Wanda ke jiran ki faɗi, ko tuntuɓe kika yi ki ce masa rawa ce.

Mataki na 2: Tsuguna ki duba da idonki

Ɗaure zani, ki ɓamɓare murfin nan mai walƙiya da aka rufe wili da shi. Ruhaina da wuƙar shafa kirim ta ɓamɓare nata. Sai ga wilin gaba na dama a tsage, an yi masa walda, an bi da fenti ruwan azurfa, mai fentin ma saboda sauri har ya shafi taya. Ki ɗauki hoto. Ba zai yi miki amfanin komai ba, amma zuciya tana son abin kallo.

Mataki na 3: Je gareji, ki gaisa har gaisuwa ta ƙare

A zango ba a sayen mota a hannun baƙo, kuma nan matsalar take. Dillalin, Alhaji Zulkarnaini, sahu ɗaya yake tsayawa da mahaifin Ruhaina a masallaci, ya kuma ci naman sunanta. Irin wannan ba a ɗaga masa murya. Ki durƙusa, ki tambayi gida, ki tambayi kasuwa, ki tambayi ƙafarsa mai ciwo. Sannan ki shigo.

"Baba Alhaji, wilin gaba yana da walda."

"Walda? 'Yata, motar nan wata tsohuwar Baturiya ce ta riƙe ta, coci kaɗai take zuwa da ita. Kwatar unguwar Nima kika faɗa."

"Kwata tana yin fenti ne, Baba?"

"Kin gani? Abin da boko ke jawowa ke nan."

Mataki na 4: Ki yi ta zuwa

Za a ce miki ya tafi tashar jirgin ruwa a Tema. Za a ce yana salla, ko da hantsi ne. Za a ce ya yi tafiya Kumasi, alhali ga takalmansa a bakin ofis suna kallonki. Ruhaina ba ta fasa ba. Da aka ɗauke bencin da take zama, ta zo da kujerarta daga gida. Rana ta dake ta, ruwa ya jiƙa ta, makanikai suka laƙaba mata suna Madam Wili, ta amsa da fara'a. A lokacin nan ta koma kai kek a tasi, motar tana ajiye a gida, ta ce wa Abukari hutu take ba injin.

Mataki na 5: Jira ya ambaci mahaifiyarsa

Duk dillalin da aka matsa wa lamba, ƙarshenta uwarsa yake jawowa. Wata ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, gareji cike da mutane, Alhaji ya buga ƙirji.

"Ku shaida! Wilin nan, wallahi uwar da ta haife ni ma zan ɗora a kai, in kwanta in yi barcina!"

Kada ki yi gardama. Ruhaina ta ce, "Na gode, Baba," ta ɗauki kujerarta ta tafi. Alhaji ya ɗauka ya yi nasara.

Mataki na 6: Nemi albarkar tsofaffi

Hajiya Adisa, mahaifiyar Alhaji, tsohuwa ce mai ciwon gwiwa wadda ba a yin suna ko aure a Accra ba ta je ba. Ruhaina ta kai mata ɗan kek mai laushi, daidai da haƙoranta, ta ce ta ji akwai suna a Kasoa ranar Lahadi, tana neman alfarmar kai ta a sabuwar motarta. A zango babu mai hana yarinya neman albarka. Kafin magariba duk layin ya ji, ban da Alhaji.

Mataki na 7: Biya ta gareji ki yi sallama

Ki zaunar da Hajiya a gaba, daidai kan wilin. Daga gidanta zuwa gareji kada ki wuce giya ta ɗaya, domin wili kike nema, ba zaman makoki ba. Ruhaina ta tsaya a bakin gareji ta danna ham. Alhaji ya fito da kofin shayi, ya ga fuskar da ke leƙowa ta taga, shayin ya zube a babbar riga.

"Mma! Me kike yi a nan? Sauko, zan sa a kai ki."

"Tun azumin bara kake sa a kai ni. 'Yar mutane ta fi ka tausayi."

"Motar tana bukatar ɗan dubawa ne."

"Wane dubawa? Ba kai ka sayar mata ba?"

"Baba ya rantse a gaban jama'a, Hajiya," in ji Ruhaina. "Mu tafi, hanyar Kasoa sai na taka sosai kada a raɗa suna ba mu."

Alhaji ya dubi uwarsa, ya dubi wilin, ya dubi mutanen da suka shaida rantsuwarsa, waɗanda duk sun bar abin da suke yi. Ya tuɓe babbar riga ya ce a kawo jak. Hajiya ta ƙi sauka, aka ɗaga motar da ita a ciki tana cin goro. Daga jikin motarsa ta hawa ya sa aka ciro wili, shi da kansa ya ɗaure notunan yana haki.

"Ba don akwai matsala ba ne, 'yata."

"Na sani, Baba. Allah ya ƙara girma."

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba ta ɗauki alhakin abin da zai biyo baya ba. Kek ɗin Ruhaina yanzu a tsaye yake isa, Alhaji kuma duk mako sai ya zagaya ya duba tayoyin a kyauta. Dalili shi ne Hajiya Adisa ta riƙe kujerar gaba. Ba suna, ba aure, ba addu'ar arba'in da ba ta kiran direbarta, kuma da ƙawayenta take zuwa, duk masu ciwon gwiwa. Idan haka ta same ki, ke da albarkarki, kada ki neme ni. Idan kuwa dillalinki maraya ne, Allah ya ba ki haƙuri, trotro na nan a tashar Circle.