Mai Akwatin Gawa Ya Koma Sayar da Ɗai-ɗai

Wani marowaci ne a garin Toledo, yana da sito inda yake sayar da akwatunan gawa a kan sari. Masu gidajen shirya jana'iza ne ke zuwa da mota su ɗiba. Ma'aikatansa suna kwashe awa sittin a mako suna ɗaga katako, shi kuwa in aka ambaci kuɗin ƙarin awa, sai ciwon kai ya kama shi.

Wata rana yana shan kofi a wurin aski, ya ji wani lauya yana cewa doka ta ɗauke wa wasu shaguna biyan ƙarin awa, in dai masu sayar da ɗai-ɗai ne kuma ma'aikatansu kan kamasho suke. Sharaɗin shi ne kashi uku cikin huɗu na ciniki ya zama wanda mai saye zai yi amfani da shi ne, ba ya sake sayarwa ba.

Gogan naka bai bari an gama masa askin ba. Ya dawo da rabin kai, ya tara ma'aikata.

"Daga yau nan shago ne, ba sito ba. Ku kuma kamasho za ku ci."

Loretta, wadda ta shekara tara tana tuƙa motar ɗaga kaya a wurin, ta ce, "Maigida, wa ya taɓa shigowa nan ya ce a ba shi akwati ɗaya?"

"Ke dai ɗaga kaya. Tunani nawa ne."

Da rana sai ga Mista Gaskins, mai gidan jana'iza, ya zo ɗaukar akwati arba'in. Marowacin ya miƙa masa takarda.

"Sa hannu nan, cewa kai da kanka za ka yi amfani da su."

Gaskins ya kalle shi sama da ƙasa. "Duka arba'in ɗin? Sau nawa kake so in mutu?"

"To rubuta talatin naka, goma na iyali."

Gaskins ya ja motarsa ya koma wajen wani dila.

Da marowacin ya ga haka, sai ya ce bari ya je inda masu amfani da kayan suke. Ya sa kwat, ya kwashi hotunan akwatunansa, ya nufi gidan tsofaffi. Ya tarar da su suna wasan kati. Ya zauna kusa da wata tsohuwa, ya ciro igiyar awo.

"Kaka, tsawonki nawa? Mai sayen yau akwai ragi."

Tsohuwar ta ce, "Matso, ɗan nan, ba na ji sosai."

Ya matso. Ta sauke masa sandar dogarawa a goshi.

Bayan wata biyu jami'ar ƙwadago ta zo, Madam Pruitt. Ta zagaya sito, ta ce, "Ka ce ɗai-ɗai kake sayarwa. Nuna mini mutum ɗaya da ya saya don kansa."

"Ai Madam, masu amfani da kayana ba sa dawowa."

Ba ta yi dariya ba. Ta rubuta kuɗin ƙarin awa na shekara biyu da zai biya ma'aikata, ta miƙa masa. Ya karanta, ya dafe ƙirji, ya zame a hankali ya zauna cikin wani buɗaɗɗen akwati.

Madam Pruitt ta juya za ta fita, sai Loretta ta kashe injin motarta ta ce, "Madam, ɗan dakata. Ga alama mun samu mai sayen ɗai-ɗai na farko."