Yadda Za Ka Ruɓar da Haƙori Ka Tsira Daga Dakon Bature

Ka ji dagaci na tara majiya ƙarfi su yi wa sojan Bature dako zuwa bakin daga? Kwantar da hankalinka. Likitansu yana buɗe bakin mutum kamar mai sayen jaki, wanda haƙorinsa ya lalace a koro shi gida. Ni Gwadabe na bi hanyar nan na tsira, kai ma ba makawa.

1. Rabu da asuwaki

Jefa shi a murhu. In liman ya tuna maka sunna ce, ka ce dasashinka ke ciwo.

2. Kama dabino

Allah ya yi mu a Dutse, ba sai ka je nesa ba. Zaɓi haƙorin tauna ɗaya, ka danna masa dabino a kumatu ka yini da shi. Ka bi da tsamiya. Farin ɓawon nan na saman haƙori taurin kai gare shi, ni sai da na yi damina biyu ina lallaɓa shi.

3. Jira ya kai ƙashin ciki

Ƙarƙashin ɓawon akwai ƙashi mai launin ɗorawa, shi ke riƙe da haƙorin. Da tsami ya same shi, abin da ke sa shi tauri sai ya riƙa zagwanyewa a hankali, daga waje kuwa ɗan ɗigo kawai za a gani. Alamar nasara ita ce ka kurɓi ruwan randa ka ji shi har tsakar ka. In mai ɗakinka ta kau da fuska, kamar yadda Lauratu ta yi mini tana cewa, "Malam, don Allah juya can ka yi magana," to aiki ya yi kyau.

4. Kai wa wanzami ya gwada

Baffa wanzami ya sa mini tsinke, ya nutse kamar a dafaffiyar kabewa. Ya ce, "Gwadabe, wannan ai ya gama, kawo in cire." Kada ka yarda! Shi ne dukiyarka.

5. Ranar dubawa

Wangale baki sosai, ka huro numfashi. Likita ya ja da baya ya toshe hanci, tafinta ya ce, "Wuce, ba ka da amfani." Ban taɓa jin zagi mai daɗin wannan ba.

6. Kada ka waiwaya

Nan ne na yi kuskure, na waiwaya. Ashe mutum ɗaya aka yanka wa kowane gida. Dagaci ya dubi layi ya ce, "Gidan su Gwadabe, a kawo ƙanen."

Ƙanena Idirisu bai taɓa fashin asuwaki ba. Ya buɗe baki, fari tas. Da za su tafi ya ce, "Yaya, ka kula mini da gerona kafin in dawo."

Gargaɗi

Ni dai haƙori na koya maka, ba ruwana da kumburin fuska, ko fura da za ta zame maka abinci, ko wanda za a ɗauka a madadinka. Kada ka zo mini da ƙorafi, ina gona. Bana girbi na shida ke nan ina zuba geron Idirisu a rumbunsa.